Murfin But ɗin Jif ɗin Maigida

Baba Direba ya sake miƙa igiyar awonsa a kan murfin but na uku, wato ƙofar bayan mota, ya ga ramukan notin ba su zo daidai da ƙullin da ya yi ba. Ya girgiza kai.

"Wannan na ƙanwar jif ɗinmu ne," ya ce wa mai kayan. "Fuskarsu ɗaya, ƙugunsu daban."

"Baba, kai da igiyarka! Mu a nan da ido muke awo."

"Shi ya sa kayanku ke dawowa."

Tun safe yake ratsa layin masu tsofaffin kayan mota, takalminsa ya sha baƙin mai. Ba shi ya yi ɓarnar ba. Ɗan Gayu ne, sabon direban da Maigida ya ɗauka ya damƙa masa mukullin babbar jif, shi kuwa Baba, da ya tsufa a gidan, aka mayar da shi ƙaramar motar cefane. Jiya Ɗan Gayu yana ribas yana waya, ya maka bayan jif ɗin a jikin falwaya. Maigida na kan tafiya, gobe zai sauka. In ya ga lotsewar nan, Ɗan Gayu ya bar gidan kenan, mukulli kuma ya koma hannun da ya saba da shi.

Hajiya, matar Maigida, ce ta kira Baba har falo. "Ka rufa masa asiri, Baba. Matarsa na da tsohon ciki. Kai ka san motar nan ciki da waje."

Ya san ta kuwa. Shi ya fara tuƙo ta gida ledar kujerunta ba a cire ba. Yanzu turaren wani ke tashi a cikinta, an ja kujerar baya, an karkatar da madubi.

A shagon ƙarshe, bayan tarin ƙofofi, ya hango wani murfin a jingine. Baƙi, gilashi lafiya, ramin kyamara a inda ya dace. Ya miƙa igiya. Ƙulli ya faɗa kan rami kamar don shi aka huda.

Baba ya waiga. Babu wanda ya gani. Yana iya naɗe igiyarsa ya koma ya ce ya duba ko'ina babu, kuma ba mai ƙaryata shi. Ya tuna yadda Ɗan Gayu ke kaɗa mukulli a yatsa yana cewa, "Tsoho, a matsar min da 'yar kurkurar nan, zan fito." Har ya juya.

Wayarsa ta yi ƙara.

"Baba," muryar Ɗan Gayu ce, yau babu tsoho a bakinsa. "An dace? Wallahi ban runtsa ba."

Baba ya daɗe yana kallon murfin.

"Kawo motar wurin mai gyaran jiki," ya ce. "Kuma ka ajiye wayar nan in kana tuƙi, sakarai."

Kafin la'asar murfi ya hau, ya rufe ruf, ko fenti bai nema ba. Mai shagon, da ya biyo su da akori-kura, ya dafa lotsattsen murfin.

"To Baba, kamar yadda aka saba, mu tafi da gawar mu rage maka."

"Wannan ba ta sayarwa ba ce."

"Me za ka yi da ita? Ko miya ba ta rufewa."

"Ɗora min a motata."

Washegari Maigida ya sauka. Ya zagaya jif ɗin, ya shafa bayanta da tafin hannu, tana ta sheƙi.

"Ka gani ko, Baba? Yaran zamani sun iya riƙon mota. Kamar yau aka sayo ta."

Ɗan Gayu ya sunkuyar da kai. Hajiya ta shige ciki da sauri.

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Baba.

Ya ɗauki mukullin motar cefane ya zagaya bayan ɗakinsa. Lotsattsen murfin na nan jingine da bango, shatin falwaya a tsakiyarsa. Iska ta ɗage tamfol ɗin da ya rufa masa. Baba ya kama bakin tamfol ɗin zai ja, sai ya ji takun Maigida yana tahowa duba tankin ruwa, kamar yadda yake yi duk ya dawo daga tafiya.

Ya rufe rabi. Rabin kuma ya bar wa iska.