Wa Ya Bar Wani, Ni ko Tela?

Matar Tela ta tare ni a bakin ƙofa, da kofin magani a hannunta.

"Mai Ƙanƙara, likita ya ce kar a ɗaga masa hankali."

"Ni wane likita ne ya ce a ɗaga min nawa? Matsa."

Ta matsa. Shekara talatin da ɗaya katangarmu ɗaya da su, ta san in na ɗaura ɗankwali ta gaban goshi ba gaisuwa ce ta kawo ni ba.

Ga abin da aka yi min. Babban ɗan Tela, wanda yanzu sai an ce Darakta yake waiwayowa, ya shirya fim na soyayya da ban dariya. Bara da ciwo ya kwantar da uban, ya riƙa zama a gefen gado yana tatsar labarin 'yan matan da tsohon ya nema a samartaka. A fim ɗin wani tela ne ke bin tsofaffin 'yan matansa gida-gida yana tambayar abin da ya raba su. Ta farko malamar asibiti, an sa mata tabarau, tana magana kamar mai tsoron tashin jariri. Ta biyu ban ma riƙe ta ba. Ta uku mai sayar da ƙanƙara ce, mai wushirya, mai buga cinya in tana magana. A duk layinmu wa ke da waɗannan ukun? A zamanin da ake maganar ko firji ban taɓa gani ba, an cusa ƙanƙarar ne don kar wani ya yi ɓatan kai.

Sai aka nuna telan ya ce ya gama da ita, ya hau kekensa. Ita kuma ta bi shi a guje da takalmi ɗaya tana ihu, "Tela, kar ka tafi!" har ta faɗa kwata.

Ban yi makaranta ba, amma in na ga kaina ina gane ni. Sati biyu ban sha ruwa da daɗi ba. Mace za ta zo sayen ƙanƙara, ta miƙo bokiti tana cije leɓe. Mai faci ya mayar da ihun nan ƙarar wayarsa, duk wanda ya kira shi sai in ji ina roƙon Tela daga tsallaken titi. Alhali ni na bar shi. Ni, da bakin nan.

Na same shi a kwance, ya koma kamar tsinken tsintsiya a cikin bargo. An rufe keken ɗinkinsa da zani, an jera kwalaben magani a kai.

"Sannu da jiki," na ce. "Wa ya bar wani?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Sannun ke nan?"

"Ka samu rabonka. Wa ya bar wani?"

"Ni na bar ki."

"Kana kan gadon nan kana ƙarya? Ba ka tsoron inda za ka?"

Ya yi dariya har ta zama tari. Matarsa ta ɗago kansa ta ba shi ruwa, ta ja kujera ta zauna kamar wadda ta biya kuɗin kallo.

"Ranar Litinin na aiko miki da takarda," ya ce. "Ke sai Alhamis kika zo shago kina zazzaga min. Litinin ce gaba ko Alhamis?"

"Wace takarda?"

"Wadda na ce a ciki kowa ya kama gabansa."

Tela ya san ko baƙi ɗaya ba na ganewa. Yadda muke yi, da safe ya aiko ƙanwarsa da wasiƙa, da yamma ya zo ya karɓa ya karanta min da kansa, a tsaye, hannu a ƙirji. Waccan ta Litinin na ajiye ina jira, bai zo ba. Talata bai zo ba. Laraba na yi kwalliya har ta narke. Ranar Alhamis na kunna risho da takardar, na tafi shago, a gaban mutum huɗu masu jiran ɗinki na ce masa ya nemi wata.

"Takardar da ba ka zo ka karanta ba, takarda ce?" na ce. "Wa ya ji ta? Risho ne ya ji ta."

"Amma ai na rubuta."

"Baban yara, ta fi ka hujja," in ji matarsa. "Magana sai an ji ta. Ni ma ina da ƙara, a fim ɗin an sa ni ina maka fifita ina murmushi. Yaushe aka yi haka?"

Ya juya fuska ga bango. Can ya ce, "Sau biyu na zo har bakin layinku don in karɓe ta. Na ji tsoron ko kin riga kin ba wani ya karanta miki."

Na gyara ɗaurin ɗankwalina. Ba wannan ne ya kawo ni ba.

"Wannan damuwarka ce. A gaban mutane aka zubar min da mutunci, a gaban mutane za ka kwashe."

Washegari da hantsi Darakta da mai faci suka ɗauko shi a kujerar roba, da matashi a bayan kansa, suka ajiye shi a inuwar ƙofar gida. Na bi shago-shago na kira kowa: mai aski da wanda yake wa aski rabin kai, mai shagon kayan masarufi, mata uku da bokitansu. Tela ya buɗe baki, leɓensa ya motsa, ba wanda ya ji komai. Janaretan mai aski na ta ruri.

"Ya ce ni na bar shi!" na faɗa da ƙarfi.

"Ai wannan daga bakinki muka ji, Gwaggo," in ji mai faci.

Na juya na kalli mai aski. Ya ruga ya kashe.

Layin ya yi tsit, har ana jin ɗigar famfo.

"Ita ta bar ni," in ji Tela. "Ranar Alhamis, a shagona. Ni na bi ta, ba ita ta bi ni ba. Wata uku ina ɗinka wa mutane hannun riga a karkace."

Ba wanda ya yi dariya.

"Kin gamsu?" ya ce.

"Saura kwata."

"A'a, Mai Ƙanƙara. Kwatar kam kin faɗa. Kina tafiya kina waiwaye kina zagina, kika zurma. Ni na ciro miki takalmin."

Wannan karon har matarsa sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Na bar musu ita, tunda ta faru. Faɗuwar mai tafiya daban, faɗuwar mai roƙo daban.

Kwana huɗu ya ƙara. Rana ta biyar da safe ina fasa ƙanƙara na ji kukan matarsa ta kan katanga. Allah ya jiƙansa, maƙaryaci ne amma ya gyara kafin ya tafi.

Bayan mutane sun ragu, Darakta ya shigo gidana, ya durƙusa har ƙasa kamar mai kunya.

"Gwaggo, ranar nan na ɗauki maganar Baba a waya. Zan liƙa ta a ƙarshen fim ɗin, kowa ya gani."

"Da ka yi wa kanka. Nuna min."

Ya miƙo. Ga Tela ɗan ƙarami a kujera, ga ni tsaye a kansa, fuska a murtuke, hannu ɗaya a ƙugu. Ɗaya hannun kuma yana bayan kansa, ya tallafe matashin da ke zamewa. Tun daga farko har ƙarshe yana nan. Wallahi ban san na sa shi ba.

"Yanke wannan hannun."

"Ba ya yankuwa, Gwaggo. In na yanke shi, kan Baba zai tafi."

"To bar min wayar, je ka dawo."

Ya fita. Ban san inda ake taɓawa ba, sai hoton ya tsaya cak a wuri ɗaya: bakin Tela a buɗe, yatsuna huɗu sun nutse a cikin matashin. Na zauna a bakin ƙofar ɗaki da wayar a cinyata har hasken ya mutu da kansa.