Ƙwaron da aka raɗa wa sunana

Kai ka jawo mini wannan, malamin ƙwari, kai da kwalabenka.

Ka zo bakin kududdufin da ke bayan gidana da dogon takalmin roba, ka durƙusa ka ce, "Iya, a ba ni izini in ɗebi taɓo." Na ce ɗebi mana, me zan yi da taɓo? Ka yi ta tace shi a rariya kana tsince jajayen tsutsotsin da agwagina ke ci. Kujera na ba ka, har da ruwan wanke hannu.

Da damina ta wuce sai ga ka, baki har kunne. Wai tsutsar nan in ta yi fiffike tana zama wani ƙwaro da ba a taɓa rubuta shi ba a duniya, kuma ka raɗa masa sunana don girmamawa. A ƙofar gida ka fito da hotonsa a waya, gaban mai shago da matar tela.

"Wannan ai sauro ne," in ji matar tela.

"Kama kawai suka yi," ka ce. "Ba ya cizo, bakin cizon ma ba shi da shi."

Ka faɗa a tsaitsaye ka shige mota. Maganar ta bi ka, hoton ya zauna a unguwa.

Sai zazzaɓi ya ɗauke 'yar tela, yarinyar da nake yi wa kitso. Na yafa mayafina na je gaisuwa. Uwar ta tare ni a bakin ƙofa.

"Koma wajen sauronki, Iya. Ba sunanki gare shi ba?"

Mata cike da gidan, babu wadda ta ce mata kul.

Ba a tashi daga zaman makoki ba duba-gari ya zo da jarkokin baƙin mai ya tuttule a ruwan. Agwagina suka faɗa ciki yadda suka saba. A buhu na kwashe su, fuka-fukansu a manne. Yanzu mai shago yana miƙo mini sabulu fuskarsa na kallon bango.

Na je ofishinka. Ɗaki mai sanyi, sai warin magani, ga ƙwaron an manne shi a ɗan gilashi, ƙafafu a baje. Mataimakiyarka ta ce ka tafi taro wata ƙasa ka ba da bayaninsa. Na ce to ta cire sunana.

"Iya, in an riga an buga suna ba ya ciruwa, ƙa'idar aikin ke nan." Sai kuma ta tambaye ni, "Akwai sauran tsutsa a ruwan kuwa?"

Na juya na fito da ƙafata, don da na buɗe baki da an fitar da ni.

Ba roƙonka nake yi ba. Ka tako unguwar nan da ƙafarka, kai da duba-garin, ku shiga gidan tela ku dubi idon matar nan, ku gaya mata abin da ya kashe 'yarta da abin da bai kashe ta ba. Sannan ɗayanku ya tsaya gabana ya amsa: wa ya sa aka zuba man nan, kuma wa zai wanke ni?