Barewar Gidan Mijinyawa

Mijinyawa ya sauke buhun albasa daga kan jaki ya dire shi a gaban mai gadin lambu, ya koma ya kwanto damin harawa. Kaltume matarsa ta ajiye ƙwaryar fura a gefe, ta durƙusa tana gaisuwa. Mai gadin, wani tsohon soja da ake kira Sama'ila, ya tsaya da sanda a hammata yana kallonsu. Tun da Di'o, Baturen mulki, ya sa aka kewaye lambun nan na bayan barikin Bodinga da waya, aka zuba namun daji, aka ce talakawa su riƙa shiga kallo bayan sallar Juma'a, kowa hannu rabbana yake zuwa. Ya gaya musu ba a biyan komai.

"Ba biya ba na, mai gida," in ji Mijinyawa yana gyara hula. "Gaisuwa ta. Ɗiyarmu na nan wurinku."

Sama'ila ya rantse babu ɗiyar kowa a lambun, har ya soma jin tsoron kada a ja masa magana. Da ƙyar ya gane barewa ake nufi.

Bara waccan Mijinyawa ya tsince ta a bakin gonarsa ta Dandin Mahe, cibiya ba ta ma bushe ba. 'Yarsa Mairama ce ta raine ta da nonon akuya, ta sa mata suna Tsintuwa, har tabarma ɗaya suke kwana. Da labarin lambu ya iso, hakimi ya aiko yana son barewar don a kai wa Bature. Wa ya isa ya ce wa hakimi a'a? Mijinyawa ya ba da ita, kuma ya yi abin da har yau yake cin ransa, ya jira sai da yarinyar ta tafi rijiya. Tun daga ranar Mairama ba ta ƙara kiransa Baba ba. Ta gaishe shi, ta ajiye masa tuwo, ta fita. A dandali kuwa ya ishi kowa da labarin barewarsa da ke cin abincin Turawa, amma a cikin gidansa 'yar shekara tara ta hana shi sakat. Shi ya sa suka kamo hanya da ita tun asuba, don ta gani da idonta cewa ba cutar Tsintuwa ya yi ba.

Kaltume ce ta ce ba a zuwa ganin ɗiya a gidan mutane hannu wofi, shi kuma ya ga gaskiyarta. Sama'ila ya dubi albasar, manya-manya masu kyau, ya ga ba shi da dalilin musu. Ya jingine sanda ya ce shi da kansa zai raka su.

Suka bi wata 'yar hanya da aka share tsaf, dogon yaro a jere hagu da dama. Ga iyalai nan zaune a inuwa, wasu na ɓare gyaɗa, yara na tsokanar biri. Jimina ta miƙo wuya ta saman waya, Kaltume ta ja da baya tana salati, ta ce wannan kaza ba ta Allah da Annabi ba ce. Akwai gauraki biyu da wani kada da ya kwanta a kududdufi kamar gungume. Mijinyawa bai tsaya kallonsu ba. Duk wanda suka haɗa ido da shi sai ya gaya masa suna da tasu a ciki. Mairama tana gaba, tana leƙa shinge bayan shinge.

Barewa huɗu ne a shingen ƙarshe. Ba su sha wuyar gane tasu ba, ga tsagar kunnen hagu irin ta awakin gidansu. Ta yi ɓul-ɓul, gashinta na sheƙi, kuma a gindinta ga wani ɗan jariri yana tangaɗi a kan siraran ƙafafu. Sama'ila ya ce shekaranjiya ta haihu.

Mairama ta kama waya ta kira sunanta. Ta sake kira, ta yi 'yar tsotsar leɓen da take mata a gida. Tsintuwa ta ɗaga kai, ta dube su kamar yadda ta dubi kowa, ta juya musu baya, ta tura ɗanta can ƙuryar shinge.

 Mijinyawa da dabbobi ya tashi, ya san abin da ya faru sarai: ta koma cikin 'yan'uwanta, ta manta da su. Ya ga leɓen yarinyar na rawa, ya tabbata yau ya ƙarasa ɓata abin da ya zo gyarawa. Sama'ila ma ya buɗe baki zai yi bayanin halin naman daji.

Kaltume ta riga shi. Ta dafa kan 'yarta, fuskarta cike da jin daɗi.

"Ke, mi kike ma kuka? Kunya ta. Haihuwar fari ta yi, kuma ga ubanta tsaye. So kike ta rugo da ɗa a hannu kamar wadda ba ta da mafaɗi? Ni da na haifi yayanki, Inno uwata ta sha zuwa ban iya ɗaga ido na dube ta ba."

Mairama ta share ido da bayan hannu, ta juya wajen mai gadi, don shi ne baƙo, ba zai yi mata ƙarya ba. Mijinyawa shi ma ya dube shi, kallon roƙo. Tsohon sojan ya yi gyaran murya. Ya riga ya karɓi gaisuwar surukai, sai ya tsaya a matsayinsa.

"Gaskiyar uwarki ta," in ji shi. "Duk shingen ga babu mai natsuwarta. Da ganinta an san gidan da ta hito."

Ya ɗauki harawar ya jefa ciki. Sauran barewar suka matso. Tsintuwa ta daɗe tana shinshina iska, daga baya ta tako a hankali ta sa baki, har yanzu ba ta dube su ba. Kaltume ta gyaɗa kai, ta ce ai ga shi nan, ta gane ta gonarsu ce.

Mutane sun soma taruwa, manya sun tare wa Mairama gani. Ta yi ɗage, ta leƙa ta nan, ta leƙa ta can. Sai Mijinyawa ya ji an ja gefen rigarsa.

"Baba, ɗaga ni in ga jikanka."

Bayansa na ciwo saboda tafiya, amma ya sunkuya ya aza ta a wuya. Wani mai jar hula a cikin taron ya tambaya ko ta wa ce wannan mai jegon. Karo na farko a ranar, Mijinyawa bai yi saurin amsawa ba. Daga saman kansa amsar ta fito.

"Ta gidanmu ta," in ji Mairama. "Babana yab ba su ita."