Kiran Ranar Jarrabawa

Rachel Ebenezer tana shekara ta biyu a kwalejin aikin gona ta Zuru lokacin da ta kafa laimar buga waya a bakin ƙofar makaranta. Mahaifinta tsohon soja ne, fanshonsa sai ya ga dama yake fitowa, don haka tun zuwanta ta san kuɗin handawut da sabulu da garin kwaki duk a wuyanta suke. Ba ita kaɗai ba ce. 'Yan mata na kitso da ƙulla zoɓo a leda, samari kuwa da an tashi lakca sai su ari babur su shiga gari kabu-kabu. Ita ma ta gwada suyar awara, hayaƙi ya tayar mata da ciwon ƙirji, dole ta bari.

Kefas ne ya samo mata mafita. Saurayinta ne tun suna ajin baftisma a Dabai, iyaye sun sani, an ma tsayar da magana sai ta gama karatu. Shekararsa huɗu a soja. Da ya zo sallama za a tura su Darfur ta ƙasar Sudan, sai ya ciro wayar salula daga aljihu, tsohuwa, an ɗaure murfin bayanta da kyauro, ya ɗora mata a tafin hannu.

"Sabis ya shigo Zuru, amma mutum nawa ke da waya?" ya ce. "Ki sa ta ta yi miki aiki. Sai dai in na kira, kada ki ce mini kwastoma na kai."

Ta sayi laima da tebur da kujerun roba biyu. Da yake lakca ba ta barinta zama kullum, sai ta jawo 'yar ɗakinsu, Asama'u, mutuniyar Argungu, suka riƙa karɓa-karɓa. Asama'u ta fi ta baki, ta kuma fi ta iya tsare agogo. In mutum ya ce minti ɗaya ya yi, sai ta juya masa fuskar wayar ta ce, "Duba da kanka, Malam, ba ni na rubuta ba."

Abin ya karɓe su. Ɗalibai na kiran gida a turo musu kuɗi, matan bariki na neman mazajensu, 'yan kasuwa na tambayar farashin dawa a Kwantagora. Wasu ma lambar suka raba wa danginsu na nesa, in an kira sai a aika musu. Rachel ta daina kwana da yunwa, har ta ɗinka wa mahaifiyarta atamfa a Kirsimeti.

Lahadi ta farkon kowane wata kuwa ta Kefas ce. Da an tashi coci mahaifiyarsa, Mama Hannah, za ta tako da ƙafa daga Dabai, ta zauna a kujerar roba tana fifita da gefen zane har wayar ta yi ƙara. Ba ta iya riƙe ta ba, Rachel ke kara mata a kunne. Da ƙarfi take magana da yarensu na C'lela, kamar ɗan nata yana can ƙarshen gona, ta ba shi labarin akuya da ruwan sama da wanda ya mutu da wadda ta haihu. In ta gama, ɗan abin da ya rage na lokacinsa shi ne rabon Rachel. Ba ta taɓa jin haushi ba.

Wata Talata cikin Oktoba, Rachel na da jarrabawar kimiyyar ƙasar noma da ƙarfe goma, darasin da ta faɗi bara. In ta sake faɗuwa sai ta ƙara shekara. Ta biyo ta wajen laima da littafi a hannu, ta tarar da Asama'u zaune, wayar na kife a kan tebur.

"Lafiya kika yi shiru haka?"

"Caji ya ƙare," in ji Asama'u, ba ta ɗago ba. "Tahi ki rubuta abinki, ni zan kai a sa."

Rachel ta ɗan yi mamaki, don da kanta ta karɓo wayar daga wurin mai janareto da safe, a cike. Amma hankalinta na kan jarrabawa. Ta wuce.

Tambayoyin suka zo mata daidai. Ta fito tana murna, tana neman wanda za ta ba labari, sai ta hango Asama'u tsaye a gindin darbejiya a gaban zauren, ba laima, ba tebur. Ta kama hannunta ta ja ta har ɗakinsu, ta tura ƙofa.

"Rachel, zauna. Ƙarya na yi miki ɗazu. Wayar ba ta mutu ba, ni na kashe ta."

"Don me?"

"Wani ya kira da safe. Kofur Haggai, ɗan Bena, tare suke da Kefas. An yi musu kwanton ɓauna ranar Asabar a hanya. Kefas ya rasu, 'yar'uwa. Lambarki kaɗai aka samu a littafinsa."

Rachel ba ta yi ihu ba. Ta tsaya tana kallon bakin Asama'u kamar da wani yare ta yi magana. Can ta ce, "Ƙarfe nawa ya kira?"

"Tara saura."

"Kika bar ni na shiga ina rubuta taki da yashi? Har dariya na yi a ciki, Asama'u. Har dariya!"

"Da na gaya miki da ba ki rubuta ba."

"Ke wa ya ba ki wannan ikon?"

Asama'u ta share hawaye da mayafi. Rachel ta fizge wayar daga hannunta ta fita. Sai da ta hau bayan kabu-kabu ta gane inda za ta: gidan su Kefas ba mai waya, saƙon hukuma kuwa zai iya ɗaukar kwanaki kafin ya zo. Ita ce za ta kai labarin.

Ta sami Mama Hannah a tsakar gida tana shanya gyaɗa. Tsohuwar ta miƙe da fara'a tana kakkaɓe hannu.

"A'a, 'yata, yau ba Lahadi ba. Ko ya kira ne?"

Duk maganar da Rachel ta shirya a hanya ta gudu. Ta durƙusa a kan gyaɗar, ta kama ƙafafun tsohuwar, a nan kukan ya zo mata. Mama Hannah matar soja ce, ta kuma ga yadda ake shiga gidajen maƙwabta da irin wannan fuska. Nan take ta gane.

"Wa ya faɗa?"

"Abokinsa, Mama. Haggai."

"Kira mini shi. Da kunnena zan ji."

Babu sabis a cikin gidan, sai a kan dutsen da ke bayan unguwa. Suka hau, tsohuwar na gaba, ba ta ko tsaya hutawa ba. Sau shida Rachel na bugawa kafin kiran ya shiga. Ta kara mata a kunne. Wannan karon a hankali Mama Hannah ta yi magana. Ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta ce, "Ɗana, kana wurin?" Ta saurara. Ta ce, "Wa ya rufe masa ido?" Ta sake saurarawa, ta gyaɗa kai. "To, na gode. Allah ya mai da kai wurin uwarka." Sannan ta ture wayar, ta zauna a kan dutsen, ta fara kiran sunayen da take kiransa da su yana yaro, ɗaya bayan ɗaya, har matan unguwa suka ji suka hauro.

Bayan mako biyu aka kawo akwatin gawarsa. Rachel ta zauna makoki tare da dangi, ko da yake ba ta da sunan da za a kira ta da shi a gidan, ba mata ba, ba gwauruwa ba. Mama Hannah dai ba ta yarda ta matsa daga gefenta ba.

Da ta koma makaranta ta yi kusan wata ba ta yi wa Asama'u magana ba, ga shi ɗaki ɗaya suke kwana. Asama'u ba ta ba da haƙuri ba, ba ta kuma yi fushi ba. Kullum za ta dafa abinci ta rufe mata nata, in ta dawo ta tarar ba a taɓa ba ta ɗauke. Ranar da aka kafe sakamako Rachel ta ga ta ci darasin, ta tsaya gaban allon ba ta ji komai ba. Ta dawo ɗaki ta tarar da Asama'u na tsince shinkafa.

"Na ci," ta ce.

"Na gani."

"Har yanzu ban yafe miki ba."

"Na sani. Ko gobe aka sake, haka zan yi."

Rachel ta zauna a bakin katifa, ta jawo tiren, suka ci gaba da tsincewa tare.

Ba ta sake zama a ƙarƙashin laimar ba, don ko ƙarar waya ba ta son ji. Ta bar wa Asama'u sana'ar, ita kuma ta koma renon dashen mangwaro da kashu a leda a bayan ɗakin kwanansu, tana sayar wa malamai da manoma. Bai kai waya kawo kuɗi ba, amma ya kai ta ƙarshen karatu. Bayan ta gama aka ɗauke ta malamar gona, aka tura ta Mahuta. Ta yi shekara shida a can kafin ta yarda ta saurari wani namiji.