Lambobin Tsohuwar Taswira

"Ku ajiye firijin nan!" Dakta ta daka wa masu ɗaukar kaya tsawa tun daga matakala.

Ko waiwayowa ba su yi ba. Kwalabe arba'in na ruwan rijiyoyi suna ta karo da juna a ciki, wayar wuta na jan ƙasa a bayansu. Shugaban tsangaya na tsaye a ƙofar ɗakin gwajin da takarda a hannu.

"Farfesa, in kwalaben nan suka bar ɗakin nan, babu wanda zai sake yarda da abin da ke cikinsu."

"Ɗakin wa? Sashen kimiyya sun ce ke ta tarihi ce. Na tarihi sun ce su ba su san malamarsu da firiji ba. To ni wa zan saurara?"

Shekara shida ke nan tana jin wannan magana. Bincikenta shi ne abin da tsofaffin masana'antu suka binne a ƙasa kafin mutane su zo su yi gidaje a kai. A ajinta ba a zaman kwafar allo. Bibbiyu take haɗa ɗalibai, ɗaya daga kimiyya ɗaya daga tarihi, wannan ya bi tsofaffin taswirori, wancan ya auna ruwa. Doka ɗaya ta kafa musu: duk abin da suka gano, masu rijiyar za su fara sani kafin ita ta ba da maki.

Bana sun gano gubar dalma a rijiyoyi tara, a unguwar da aka gina kan jujin wata masana'antar batir. Mako biyu da suka wuce aka raba wa gidaje arba'in wasiƙu da sa hannunta. Tun ranar 'yan unguwar ba su bar ƙofar jami'a ta huta ba.

Farfesa ya miƙa mata takardar. "Ki sa hannu cewa atisayen aji ne kawai, ba bincike ba. Ki tsira da aikinki, ni in samu in yi numfashi."

"Yara na shan ruwan nan, ranka ya daɗe."

"Kafin ƙarfe huɗu," ya ce, ya juya.

Ta shiga ɗakin. Ɗalibanta biyu da ta fi ji da su suna ciki: Dogo, ɗan kimiyya, da yarinyar da duk aji ke kira Taswira saboda ba ta rabo da naɗaɗɗun takardu. Idanun yarinyar sun yi jawur.

"Kukan me kike yi? Ni za a kora, ba ke ba."

"Gaya mata mana," in ji Dogo. "Da bakinki ya fi reza."

"Kai ka raba wasiƙun, dogon banza!"

"Ke kika rubuta lambobin!"

"Ɗaya ya yi magana," Dakta ta ce.

Taswira ta warware takardarta a kan tebur. "Malama, da muna ɗiban ruwan, lambobin filaye na tsohuwar taswira na rubuta a jikin kwalabe. Da su na saba. Shi kuma da ya je rabon wasiƙu, lambobin da ke jikin ƙofofi ya bi. A sauran layukan duk ɗaya ne. Amma layin bayan makaranta, daga baya an sake masa lamba, aka faro daga ɗaya ƙarshen."

Dakta ta dafa tebur. "Gida nawa?"

"Shida. Uku mun ce su rufe rijiyarsu alhali lafiyarta lau." Dogo ya nuna layin a kan taswirar. "Uku kuma mun ce su sha."

"Kwalba ta sha bakwai tana ciki?"

Dogo ya gyaɗa kai. Ita ce ta fi kowace guba.

"Yau da safe na lura," Taswira ta ce. "Malama, in Farfesa ya ji, ai ya samu abin da yake nema. Mu je mu gyara a ɓoye, wallahi babu mai sani."

"A ɓoye? Mutanen da suka yi mako biyu suna ɗura wa 'ya'yansu ruwan nan, asibiti za a kai su, ba lallaɓa su za a yi ba. Laifina ne, ni na haɗa ku ban zauna na gwada lissafinku ba." Ta ajiye takardar Farfesa ba sa hannu, ta zari makullin mota. "Dogo, kawo jerin gidajen. Mu fara da waɗanda ke da yara."

Tana jan ƙofa ta yi kiciɓis da wani mutum da ba ta taɓa gani ba. Rigarsa duk baƙin mai irin na masu gyaran mota, ga wata yarinya 'yar shekara uku kwance a kafaɗarsa, kanta na lilo. Ya ɗaga wata wasiƙa da ta yamutse a hannunsa, irin waɗanda suka ce a sha ruwan, ya sa babban yatsa a ƙasanta.

"Baiwar Allah," ya ce a hankali, "wa ke da wannan sa hannun?"