Rigunan Ɗakin Ƙanƙara

A kamfanin gyaran kifin nan kowa ya san ma'anar usur. Da zarar mai kula da leburori, wanda suka laƙaba wa Mai-Usur, ya busa, to jami'an bincike ne a bakin ƙofa. Duk baƙon da ba shi da takardar zama sai ya ajiye wuƙa ya shige ɗakin ƙanƙara, a rufe shi tare da kifi har su tafi. Masu takarda kuwa su tuɓe rigunan sanyinsu su ɗora wa masu shiga. Ba wanda ya kafa wannan doka, tausayi ne ya haife ta.

Amarya tana cikin masu shiga. Cikinta ya tsufa, amma ba a daina ce mata Amarya ba, saboda yadda mijinta Dogo yake satar kallonta ta saman tulin kifi, sai ka ce jiya aka ɗaura. Shi yana da takarda, tata ta ƙare, fasfonta kuma yana hannun mai kamfani.

Wancan karon da aka rufe su, ɗan cikinta ya yi tsit, bai motsa ba sai washegari. Asibiti bai yiwu ba, can ma takarda za a fara tambaya. Haka ta wuni da hannu a kan ciki, tana roƙon Allah ko shuri ɗaya ne.

Yau ma sai ga usur.

"Taso, 'yar nan, mu je mu gaida kifaye," in ji Gwaggo, tsohuwar da ke cire ƙayar kifi kusa da ita, tari yana sarƙe ta.

Dogo ya riga ya tuɓe rigarsa, ya iso yana haki. "Ɗora a kan taki, rabin raina. Yi sauri."

"Ba zan shiga ba."

"In suka kama ki mota za su jefa ki! Ni a nan, ke a can? Ina zan sa kaina?"

Ta kamo hannunsa mai ƙarni ta manna a cikinta. Yaron ya yi shuri. Idanun Dogo suka kawo ruwa.

"Ka ji shi? Ba zan sake kai shi inda zai yi shiru ba."

Mai-Usur ya taho kamar zai tashi sama. "Ke! Kurma ce ke?"

"Na ji sarai, ranka ya daɗe. Kifi na zo yankawa, ban zo in zama kifi ba."

Takun takalma ya matso, ba lokacin jan kowa. Dogo ya juya ya lulluɓa wa Gwaggo rigar. Kafin a rufe ɗakin ƙanƙarar tsohuwar ta matse yatsun Amarya. "In sun tambaya, ki faɗa. Ƙirjina ya gaji."

Jami'a ce ta shigo, numfashinta yana hayaƙi. Ta bi leburorin da kallo: ƙattin maza daga su sai singileti, haƙora suna haɗuwa, mace ɗaya tak ke sanye da riga.

"Ina rigunanku a wannan sanyi?"

"Zafin aiki ne, ranki ya daɗe," Mai-Usur ya washe baki. "Jarumai ne!"

Amarya ta ajiye wuƙa. Ta nuna wa jami'ar ƙofar ɗakin ƙanƙara.

"Rigunansu na can ciki, a jikin mutane. Ni ma ba ni da takarda. Ki fara buɗe musu, sannan ki kama ni."

Mai-Usur ya tare ƙofar. Dogo, wanda bai taɓa ɗaga masa ido ba, ya sa kafaɗa ya kawar da shi, ya fizgi mariƙin.

Sanyi ya kwararo fari fat, mutane suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, kowa riga a kan riga, Gwaggo a gaba tana tari, kanta a sama.

Amarya ba ta san ko mota ce ke jiranta ko asibiti ba. Ta dai riƙe hannun Dogo gam, yaron yana ta shuri a tsakaninsu.