Ciyawar da Yaya Ya Kai Gwaji

Kwana biyu ke nan jar saniyar tana kwance ta kasa tashi, ga ciki wata takwas, haƙarƙarinta kuwa ko makaho ya shafa sai ya ƙirga. Mai ita, wadda ta raine ta tun tana 'yar maraƙa, tana tsaye riƙe da takardar gwaji, ranta in ya yi dubu ya ɓaci. Takardar ta ce busasshiyar ciyawarsu ta bana tana da ƙarfi, ta wadatar ita kaɗai. Da jin haka ta daina ƙara wa saniyar dusa, yau wata uku.

Likitan dabbobi ya shiga ɗakin ciyawa, ya zura hannu har gwiwa cikin wani dami, ya zaro ya sunsuna. Kara ne zalla, ya yi baƙi, sai warin rima.

"Ba wannan aka auna ba," in ji shi. "Cewa na yi a ɗebo daga tsakiyar dami goma, a cakuɗa. Wa ya ɗebo?"

Yayanta ne ya ɗebo, ga shi nan jingine da ƙofa yana sosa ƙeya.

"Yaya, daga ina ka ɗebo?"

"Daga can sama, inda ruwa bai taɓa ba. Sai da na zauna na tsince karan ma." Ko kunya babu. "To so kike in kai wa mutane shara a leda, da sunan gidanmu a jiki? Su ce ba mu iya ajiya ba?"

Ku ji fa. Mutum ya ɗauki lafiyayye ya kai asibiti, ya bar mara lafiya a gida, wai kada a yi masa dariya. Ta ji ta tsane shi a lokacin, duk da ciki ɗaya suka fito.

Likita ya koma wurin saniyar, ya durƙusa ya daɗe yana tattaɓa cikinta, sannan ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Ɗan ba ya motsi. Ita ma ba za ta kai gobe ba, gara a yanka."

Yaya ya yi ƙasa da murya. "In kira mahauci?"

"Kira shi, Yaya," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba. "Amma ita za ka nuna masa. Kada ka je ka zaɓo mai ƙiba."